Ƙarfi daga ƙasa yake tasowa

Bara, ana saura wata guda jarabawar wasanni ta BEPC, yayana ya kawo mani raket biyu na badminton daga kasuwar Ƙonni. Muka ɗaura igiya bayan gidanmu a Tsarnawa. Sati guda ina kai duka sama da ƙarfin hannu kaɗai, har kafaɗata ta ƙi ɗaguwa. Hankalina ya tashi.

Sai na zauna kallon ƴan wasa a waya. Ɗan tenis in zai yi bugun farko, lanƙwasa gwiwa biyu yake, ya tunkuɗi ƙasa ya miƙe, ya dira cikin fili. Ƙwallonsa wajen giram 58 ce, tana son nauyin jiki duka. Ta badminton kuwa giram 5 ce. Shi juya gefe yake, ya tashi kan ƙafar baya, ya sauya ƙafafu a iska kamar almakashi, ya dira a shirye don komawa tsakiya.

Na kai ma Inna wayar tana daka. Ko kallo ba ta yi ba, ta ce: "Wa ya ce ma da hannu aka daka? Dubi gwiwata."

Na duba. Gwiwar ke fara tashi, taɓarya ta biyo ta. Tun ranar kafaɗata ta samu hutu.