Kowane Akwati da Sana'ar Mai Shi

Ranar da aka zauna rabon gadon Kawu a gidansa na Ollelewa, an ƙirga rumbunan gero, an ƙirga awaki, an yi wa keken ɗinki kuɗi. Can sai aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Mata suka miƙo wuya daga bayan zana, ana zaton wata ajiya ce. Da aka ɓalle kwaɗo, sai ga kaset jere reras, kowanne da sunan mawaƙi an rubuta da biro, wani da boko, wani da ajami. Malamin rabo ya dubi akwati, ya dube mu, ya ce, "To, wannan kuma a kason wa za a sa shi?" Babu wanda ya tanka. Ni ɗan 'yar'uwa ne, ba ni da kaso, amma da ni akwatin ya kwana, don babu mai so.

A Damargu ba mu taɓa sanin tara waƙa a matsayin abin da mutum zai ci abinci da shi ba. Ƙasar gero ce, kowa gona ce uwarsa, sannan ga 'yar sana'ar da yake rufa wa kansa asiri da ita idan rani ya tsaya. Masu son waƙa kuwa akwai su, har da waɗanda za su haƙura da shan shayi don su sayi batir. Abin da na fahimta bayan na yi kwanaki ina juya kaset ɗin Kawu shi ne, sana'ar mutum ita ce hanyar da waƙa ke bi ta iso hannunsa. Buɗe mini akwatin mutum, in gaya maka da me yake ciyar da gidansa.

Zamanin garmaho wutsiyarsa kawai na tarar. Akwati ne mai hannu, a wana shi kamar injin taliya, a ɗora faifai, a sauke allura a hankali. Kowane gefe bai fi minti uku ba, allurar ƙarfen kuma ba ta jimawa take dakushewa. Faifan ya faɗi ƙasa ya fashe kamar kasko. Saboda haka garmaho bai zama kayan talaka ba. Masu shi su ne fataken da ke kai dabbobi da fatu Kano su dawo da atamfa da goro, da tsofaffin sojan Faransa masu karɓar fansho, da gidajen sarauta. Yara kan leƙa su ga hoton karen nan da ke zaune gaban ƙaho, tambarin His Master's Voice, su yi ta gardama ko shi ne ke waƙar a ciki.

Kaset ne ya sauko da waƙa daga soron attajiri zuwa rumfar kasuwa. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma bai zama ruwan dare a wajenmu ba sai da kuɗin yuraniyom suka fara zagayawa. Somaïr ta fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ta biyo baya a 1978, samarinmu suka yi arewa neman aiki. Wasu suka zarce Libiya, wasu suka yi kudu cin rani. Duk wanda ya dawo, abin da ake fara dubawa a kafaɗarsa shi ne rediyo mai kaset, National ko Sharp, an ɗinka masa riga don ƙura.

Rigunan nan Kawu ne ke ɗinka su, kuma ta nan son waƙa ya kama shi. Tela ya fi kowa dacewa da kaset: ƙafa na taka keke, hannu na jan yadi, kunne kuwa ba shi da aikin yi. Rumfarsa na bakin hanya, rediyo rataye a ƙusa sama da kansa. Idan Sallah ta matso ya kwana ɗinki da fitilar ƙwai, Mamman Shata ne abokin hirarsa, don waƙarsa na da tsawo, ba sai an yi ta tashi juya kaset ba. Idan zare ya sarƙe a cikin inji, sai ya tsaya cak, ya zaro shi a hankali kamar mai cire ƙaya, ya sa biron Bic a ramin kaset ya naɗe. In ya tsinke, ya yanke bakin da almakashinsa, ya haɗa da jan farce. Ni aikina shanya batir a rana, wai ya ƙara ƙarfi. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, me ya sa kake ɓalle ɗan haƙorin nan na saman kaset?" Ya ce, "Ɗan nan, wanda aka ɓalle wa haƙori ba ya cin wata waƙa a kan tasa." Da yawa ba kuɗi ya saya ba. Direba zai kawo ɗinkin wando, a yi ciniki, rabi kuɗi rabi kaset.

Direbobin hanyar Damagaram zuwa Agadas su ne manyan dillalan waƙa, ba tare da sun sani ba. Babbar mota ta tsaya a Bakin Birji ko Sabon Kafi a sha ruwa, kafin ta tashi an yi musayar kaset uku. A aljihun motarsu za ka samu Shata, wanda ya yi wa direbobi waƙa, da Haruna Uji mai gurmi. Yaran mota kuwa ba su da kamar Ɗan Maraya Jos, tun da ya yi waƙar Karen Mota suka ɗauke shi nasu. Daga arewa kuma su suka fara sauko mana da kiɗan gitar Buzaye, irin na Abdallah Oumbadougou, wanda a shekarun tawaye na farkon 1990 ba a yawo da shi a fili, sai a ƙarƙashin kujera.

Mahauta nasu daban ne. Dambe gadonsu ne, kalangu kiɗansu ne, don haka a rumfar mai tsire Ɗan Anace ke tashi yana wasa ɗan dambe Shago. Manoma majiya ƙarfi kuma, tun da aka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, waƙar Sagalo suke nema. Dogarai da 'yan fada suna riƙe da Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, ga kuma namu na gida, Mu'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Mata ma ba a bar su a baya ba. Mai ƙuli-ƙuli ko mai fura takan cire daga kuɗin adashi ta aiki yaro ya sayo mata Barmani Choge, a sa a tsakar gida ranar suna, bayan maza sun fita.

Mushen lakkol shi ne mai akwatin da ya fi kowane ban mamaki. Albashinsa na zuwa ƙarshen wata, ya yi karatu a Damagaram ko Yamai, don haka a ɗakinsa ake jin Franco da Tabu Ley na Kwango, da Bob Marley, da Super Haské ta Damagaram. Shi ne kuma ke tsara wa Samariya waƙa a zamanin Seyni Kountché, lokacin da wasannin matasa na ƙasa, waɗanda aka fara a Damagaram a 1976, suka sa kowane gari neman abin fita kunya. Ba abin mamaki ba ne da aka samu mawaƙa daga cikin malaman. Malam Maman Barka, ɗan Tesker, alli ya fara riƙewa kafin duniya ta san shi da gurmi, daga baya da biram.

Wanda ba shi da kuɗin saye yana da rediyo. A sayi kaset fari, TDK ko Sony, mai minti 60 ko 90, a zauna gadin Muryar Sahel ko Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, yatsa a kan maɓalli. Haushi ɗaya, mai gabatarwa ya shigo da gaishe-gaishe a tsakiyar baiti.

Duk wannan sha'awa a kan damina take tsaye. Shekarar da gero ya yi, kasuwar Bakin Birji ta cika da kiɗa bayan kaka. A 1984, da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, yunwar da mutane suka sa wa suna El Buhari, rediyo na cikin kayan da aka fara fitarwa kasuwa don tiyar hatsi. Kaset kuwa babu mai saye, shi ya sa suka tsira. Kawu ya yi shekara biyu da akwati cike, babu abin sa su.

Wani abin da ya cinye waƙoƙi da yawa ba fari ba ne. Kaset wasiƙa ce ga wanda bai iya rubutu ba. Ɗa yana Sabha ya aiko da muryarsa, uwa na son mayar da amsa, babu kaset fari a gida: sai a toshe ramin haƙorin da takarda, a ɗora gaisuwa a kan Ɗanƙwairo. Da wa'azin kaset ya yi ƙarfi kuma, mutane da dama suka tuba da kiɗa, suka ɗora tafsiri a kan abin da suka tara.

Mutum na farko da na san waƙa ce tuwonsa shi ne mai kaset na ranar kasuwa. Yawanci mai gyaran rediyo ne tun asali. Ya saro uwar kaset daga Kasuwar Dole ko Kano, ya aza inji mai baki biyu a kan tebur, batirin mota a ƙasa, yana kwafa yana sayarwa. Kwafin kwafi ne, murya ta dushe, ganga ta yi kamar ana daka a gidan maƙwabta, amma haka muke so. Fim ɗin Sangaya da ire-irensa sun ƙara masa kasuwa, sai faifan CD ya zo, wayar salula ta biyo baya ta share duka. Lokacin da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙasar Ollelewa a Nuwamba 2011, 'ya'yan masu kaset sun riga sun koma masu cajin waya da turin waƙa. Ɗan kabu-kabu ya miƙa memori, a zuba masa waƙa ɗari da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Sai dai yanzu wayar tela da ta mahauci da ta mushe duk abu ɗaya ke ciki. Memori ba ya gaya maka sana'ar mai shi.

Abin da muka yar, wasu sun zo tsinta. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutanen Sahel ya fitar da su a 2011, kuma a kan faifai irin na da. Shi ne ya tono kaset ɗin da Mamman Sani, ma'aikaci mai kaɗa organ, ya ɗauka a gidan rediyon ƙasa a 1978, ya sake buga shi a 2013. Ga shi nan, wani can ya mai da tara waƙa sana'a, mu kuwa muna tambayar a kason wa za a sa ta.

Na sha wuya kafin in samu injin da ke aiki. Wani dattijo mai gyara ya canza masa roba, ya goge kan da auduga. Na zaɓi wani kaset da Kawu ya rubuta wa "Rediyo, daren Sallah". Ashe ba daga cikin rediyonsa ya ɗauka ba, ajiye injinsa ya yi kusa da rediyon maƙwabci. Shata na can nesa yana waƙa, amma abin da ya fi fitowa shi ne ƙarar keken ɗinki, kaca-kaca-kaca, tana tsayawa tana tashi. Can wajen tsakiya keken ya yi shiru, wata murya ta ce, "Kai ɗan nan, bar gyangyaɗi, miƙo mini almakashi."

Na mayar da shi baya da biro, na sake ji.