Idan Na'urar Gano Ƙarfe Ta Yi Kukan Ƙarya



Tun shekarar 2014 da labarin zinaren Djado, a jihar Agadez ta Nijar, ya karaɗe ƙasar Hausa, na'urar gano ƙarfe ta shiga hannun matasanmu. A nan Kudu ma muna da ita. Wasunmu na fita da ita bakin teku a Lekki da Badagry ranar hutu don nishaɗi, wasu kuma sun kai ta dazukan Ilesha neman abinci. Kukanmu duka ɗaya ne: na'ura ta yi ƙara, a haƙa rami har gumi ya jiƙa riga, a tashi ba ko ƙusa. Daga nan wani ya ce jabu aka sayar masa, ya karyar da ita. Wani ya ce aljanu ne suka janye dukiyar, ya kwashi kuɗi ya kai wa mai tsibbu.

Abin da muka gano shi ne, yawanci na'urar lafiyarta ƙalau. Faifan da ke ƙasanta yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, duk abin da lantarki ke iya ratsawa, ko mai sinadarin ƙarfe, zai amsa mata. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, shi ya sa jiƙaƙƙen yashin bakin teku ke sa ta ihu. Jar ƙasa da marmara kuwa cike suke da sinadarin ƙarfe.

Gwajinmu na farko shi ne mu ɗaga faifan sama, nesa da ƙasa da duk wani ƙarfe. Idan ta ci gaba da kuka, matsalar ba a ƙasa take ba. Sai mu duba ko akwai manyan wayoyin wuta, taransifoma, janareta ko wayar salula a kusa. Na'urar abokin tafiya ma tana shiga wa tamu, don haka mukan ba juna tazara. Idan duk babu, mu sauya batir, mu ɗaure wayar faifan sosai a jikin sanda, domin waya mai lilo ko mahaɗa mai sako-sako na jawo ƙara.

Idan kuwa ta yi shiru a sama, to daga ƙasa ne. Mukan sami wuri mai tsabta mu daidaita ta da ƙasar, ana ɗaga faifan ana saukewa har sautin ya lafa. Sannan mu rage mata ƙarfin ji. Da yawanmu kan mure shi har ƙarshe don a ji abu mai zurfi, alhali hakan ne ke sa ta surutu.

Mu duba jikinmu ma. Takalmi mai ƙarfe a baki, zoben azurfa, agogo, da shebur ɗin da muke ja a gefe, duk tana jin su. Haka idan faifan ya bugi dutse, ko aka ɗaga shi a ƙarshen kowane lilo.

Kafin mu sa diga, mukan bi ta kan wurin daga gabas zuwa yamma, mu sake bi daga kudu zuwa arewa. Abu na gaske zai amsa a wuri guda kowane lokaci. Ƙarar da ke yawo ko ta ɓace, ba mu ɓata ƙarfinmu a kanta.

Abu na ƙarshe, mu baƙi ne a garuruwan nan. Mu nemi izinin mai fili, mu cike duk ramin da muka tona, mu kuma tuna dokar ma'adinai ta 2007 ta ce ma'adinan ƙasa na hannun Gwamnatin Tarayya, haƙar su sai da lasisi. Rami ɗaya da aka bari a gonar wani ya isa ya shafa wa al'ummarmu baƙin jini.

Allah Ya ba mu halak ɗinmu, Ya tsare mana mutuncinmu. Amin.