Jiragen yaranmu da gonakin Kura

Duk bayan 'yan watanni sai hoton wani yaro ya karaɗe Facebook, ya haɗa jirgin sama da kwali ko gwangwani, yana tsaye kusa da shi yana murmushi. Nan da nan a cika wuri da Masha Allah, a yi ta kiran sunan gwamna da sanata su zo su ɗauki nauyinsa. Bayan mako guda shiru kake ji. Ba na raina wannan murna, da ni ake yin ta. Damuwata ita ce mun tsaya a tafi, alhali a wasu ƙasashe gasa ake shirya wa irin waɗannan yara.

Wasunku za su tuna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero. A 2007, yana ɗan shekara 24, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu mai cin mutum huɗu, da injin tsohuwar Honda Civic, da kujerun Toyota, da wasu sassa daga tarkacen wani Boeing 747 da ya taɓa faɗuwa kusa da Kano. Kuɗin aikin har da na gyaran waya da kwamfuta da yake yi. Jirgin ya ɗaga kamar ƙafa 7 daga ƙasa, labarinsa ya zaga duniya, daga baya Mubarak ya tafi Ingila karatu. Basira kam akwai. Amma shi kaɗai ya yi ta fama, ba wanda ya gindaya masa ƙa'ida, ba abokin karawa, ba kuma alƙalin da zai ce a sake auna nan.

Waɗannan ukun su ne amfanin gasa. Akwai wadda ake kira CanSat, wadda Farfesa Bob Twiggs na Jami'ar Stanford ya kawo shawararta a 1998. A irin wadda hukumar sararin samaniya ta Turai ke shirya wa 'yan shekara 14 zuwa 19, ana so ɗalibai su cusa ƙaramin tauraron ɗan'adam cikin abin da bai wuce gwangwanin lemo ba. Kada nauyinsa ya haura giram 350, kada kuɗinsa ya wuce Yuro 500. A harba shi da roka sama kamar kilomita guda, ya sauko da lema, yana aiko da zafin iska da matsinta ta rediyo har ya taɓa ƙasa. Tun kafin ranar sai sun rubuta rahoton yadda suka tsara komai, bayan an gama kuma su tsaya gaban alƙalai su yi bayanin abin da ya yi da wanda ya ƙi. Yaron da lemarsa ta ƙi buɗewa amma ya gano dalili, ya koyi abin da tafi dubu ba zai koya masa ba.

Kuma ba abin Turawa kaɗai ba ne. A watan Yunin 2017 aka harba tauraron ɗan'adam NigeriaEduSat-1, ɗan akwati mai faɗin santimita 10, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, suka yi tare da wata jami'ar fasaha ta Kyushu a Japan. Na Ghana ma ya tafi a roka ɗaya da shi. Mu a nan arewa muna da kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964, da cibiyar fasaha ta sojan sama a Kaduna, garin da aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a 2018.

To ina ruwan Kura da Bunkure da wannan zance? A ganina a nan jarrabawar take kwance, ba wanda ya ɗauka.

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa da kansa ta magudanai zuwa dubban hektoci a Bunkure da Kura da Garun Malam: shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara. Duk wanda ya yi noman rani a nan ya san rigimar. Na bakin ruwa ya ƙoshi har fangalinsa ya yi laka, na can ƙarshen layi yana kwana a gona yana jiran rabonsa. Ciyawar kacala ta toshe hanya, ba a sani ba sai ruwa ya ragu. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir kafin mutane su ankara, shekarar da masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa ta fara aiki ta rasa abin niƙawa.

Ga kuma tsuntsayen jan baki. Ku je gonar alkama ko shinkafa lokacin da ta fara yin ido, tun kafin rana ta fito. Za ku tarar da yaro tsaye a kan kunya, an zagaye gonar da igiya an rataya gwangwanaye da ledoji, yana fizga yana ihu har muryarsa ta dushe. Ya kore su nan su sauka can, ya ruga can su dawo nan. Sau da yawa a lokacin ya kamata a ce yana aji.

Yawancin waɗannan matsaloli ido daga sama suke buƙata. Lafiyayyen ganye yana mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ƙishirwa ko cuta ta kama kuwa sai hasken ya ragu, kuma akwai kyamarar da ke gane haka kafin ganyen ya yi rawaya. Taurarin Turai masu suna Sentinel-2 suna ɗaukar hoton yankin nan duk kwana 5, kyauta ga mai intanet. Sai dai kowane ɗigo a hoton ya kai mita 10 a ƙasa, gonakinmu kuwa ƙanana ne, ga hazo da ke rufe sama a tsakiyar rani. Jirgi marar matuƙi yana bi ta ƙarƙashin hazon, ya ga fangali ɗaya-ɗaya.

Saboda haka ga abin da nake so in gani. Gasa sau ɗaya a shekara, a Kadawa, ba a ɗakin taron otal ba. Ɗaliban Bayero da na jami'ar kimiyya ta Wudil da na Ahmadu Bello, da rukuni na daban ga 'yan sakandare irin na makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda take nan maƙwabta. A ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe, don kada mai uba a gindin murhu ya sayo na kanti ya manna suna. A ba su aiki guda: ku bi magudanar nan kilomita 2, ku dawo da taswirar inda kacala ta toshe da inda ruwa ke zurarewa. Sannan a taka da ƙafa a duba ko gaskiya suka faɗa. Cikin alƙalai a sa shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa kusa da farfesa, domin shi ya san bakin da ke yoyo tun bara.

Akwai cikas, ba na ɓoyewa. Tashin jirgi marar matuƙi a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a halin da ake ciki ba wanda zai ce wannan ba shi da dalili. Ɗalibi shi kaɗai ba zai iya bin takardun nan ba. Jami'a za ta iya, haka ma hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da magudanan, idan suka nema tare tun damina, domin a yi gasar a watan Fabrairu, alkama na tsaye a gona.