Tsofaffin Takalman Birki da Abin da Suke Faɗa

Duk lokacin da aka canza mini takalman birkin gaba na babur, nakan ce bakanike ya miƙo mini tsofaffin kafin yaron shago ya wurga su cikin tarin ƙarafa. Wasu kan ɗauka rowa ce. Dalilina shi ne, takalman nan biyu su ne shaidar yadda birkin ya yi aiki tsawon watanni. Idan ɗaya ya cinye har ƙarfe ya leƙo alhali ɗan'uwansa yana da sauran kauri, sabon takalmi ba zai gyara komai ba, domin shi ma haka zai cinye.

Birkin da nake nufi shi ne mai faifai, ba irin na ganga da ke kan yawancin baburan haya ba. Faifan yana juyawa tare da taya, kuma akwai wani muƙamuƙin ƙarfe da ke cije shi, wanda bakanikai ke kira kalifa. A yawancin ƙananan babura da matsakaita, fistin yana gefe ɗaya ne kawai na wannan muƙamuƙi. Idan ka matsa hannun birki, man birki zai tura fistin, fistin ya danna takalmin gefensa a jikin faifai. Ɗaya takalmin fa, wa zai tura shi? Babu. Muƙamuƙin ne gaba ɗaya yake zamewa a kan wasu sanduna biyu masu kaurin biro, ya jawo takalmi na biyu ya haɗa da faifan. Ashe rabin birkin ya dogara ne ga santsin sandunan nan, waɗanda 'yar roba ce kawai ke kare su daga ƙurar hunturu da ruwan damina da tiyon masu wankin babur.

Da zarar robar ta tsage, ƙura ta haɗu da giris ta zama laka, tsatsa ta biyo baya, sai muƙamuƙin ya cije. Daga nan takalmin gefen fistin ne zai riƙa ɗaukar aikin shi kaɗai. Wani lokaci kuma muƙamuƙin yakan cije ne a matse, sai takalmin ɗaya gefen ya yi ta gogar faifai ko ba a taɓa birki ba. Ɗan bambanci tsakanin takalman biyu ba abin damuwa ba ne, amma idan ɗaya ya ninka ɗan'uwansa kauri, a kwance muƙamuƙin a tura shi da yatsu: ya kamata ya zame ba gardama. A nan nake saɓawa da bakanikai da yawa, masu lakato kowane irin giris, ko ma baƙin mai, su shafa. Man da aka samo daga fetur yakan kumbura irin wannan roba, ta shaƙe sandar da aka ce ta kare. Giris na silikon ne ya dace da wurin.

Wahalar binciken ita ce, fistin da ya ƙi komawa shi ma takalmin gefensa yake cinyewa, don haka kamannin ciwon ɗaya ne, tushensa daban. Babu sifirin da ke mayar da fistin baya. Wani zoben roba ne mai kusurwa huɗu da ke kewaye da shi yake ɗan lanƙwasa idan an matsa, in an saki ya miƙe ya jawo fistin da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Datti kaɗan ya isa ya hana wannan motsi. Man birki kuma, irin DOT 3 da DOT 4, yana zuƙar laima daga iska, shi ya sa masu ƙera babura suke cewa a canza shi duk bayan shekara 2. In ya daɗe, tsatsar daga ciki take farawa.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A ɗaga tayar gaba, a juya ta, a matsa birki a saki, a sake juyawa. In ta ƙi tafiya alhali sandunan suna zamewa lafiya, a ɗan kwance ƙusar fitar da iska da ke jikin muƙamuƙin. Idan taya ta saki nan take, man ne ya kasa komawa sama, wato matsalar tana cikin tiyo ko famfon da ke wajen hannu, kuma irin wannan takalman biyu yake cinyewa tare. Idan ba ta saki ba, fistin ne.

Akwai kuma takalmin da ke cinyewa a karkace, baki ɗaya siriri, ɗaya mai kauri. Wannan yawanci sanda ɗaya ce ta cije ko ta lanƙwashe, ko kuma ɗaya daga fistin biyu ya tsaya. In babur ya taɓa faɗuwa ko ya daki rami da ƙarfi, a duba ko muƙamuƙin yana zaune daidai da faifan.

Faifan kansa ma a shafa shi da farce bayan ya huce. Masu ƙera shi sukan buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa da milimita. In ya sirance ƙasa da wannan adadi, ko ya yi kunya-kunya masu zurfi kamar gonar da aka yi wa huɗa, a canza shi tare da takalman biyu a lokaci guda.