Wata Kafin Wuri: Yadda Nake Zaɓen Tekun da Zan Nutsa a Bazara

Tun da abokaina suka san ina nutso da tukunyar iska a bayana, tambayar da suka fi yi mini ita ce, "Ina ne ya fi kyau?" Nakan mayar musu da wata tambayar: a wane wata? Da yawa cikinmu hutunmu na aiki yakan faɗa tsakanin Maris da Mayu, lokacin da Turawa ke murnar fitowar ganye, mu kuma muke fama da zafin bazara. Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallata waɗannan watanni kamar kaka ɗaya ce a duk duniya, alhali tekunan yankin zafi ba su san wannan rabon ba. Abin da ke tafiyar da su shi ne iska, kuma Maris zuwa Mayu shi ne daidai lokacin da iskar ke juyawa a Tekun Indiya da kudu maso gabashin Asiya. Wurin da ruwansa ke garau a farkon Maris yana iya zama laka da igiya a ƙarshen Afrilu.

Zanzibar ce misalin da ya fi kusa da mu, ita ce kuma wadda 'yan uwa suka fi ambata. Masu jiragen ruwa na gaɓar Suwahili sun daɗe da raba shekara gida biyu. Akwai kaskazi, iskar arewa maso gabas, wadda ke kaɗawa daga wajen Disamba zuwa Maris, sannan akwai kusi, iskar kudu, wadda ke karɓar ragama bayanta. A tsakaninsu ne ruwan masika ke sauka, babbar daminarsu, daga ƙarshen Maris har cikin Mayu. A makonnin nan ruwan sama yana wanko ƙasa zuwa cikin teku, nisan gani yana raguwa, wasu masaukai ma sukan rufe. Farashi kan sauko, shi ya sa tallar ke jan hankali. Wanda ya samu hutu a makon farko na Maris zai iya more Zanzibar. Wanda nasa ya faɗa tsakiyar Afrilu gara ya ajiye ta zuwa wata shekarar.

A tsibiran Maldibs lissafin ya sha bamban. Iskar arewa maso gabas, wadda mutanen can ke kira iruwai, tana riƙe da sararin sama a bushe daga Disamba zuwa Afrilu, saboda haka Maris da farkon Afrilu suna cikin watannin da teku ya fi kwanciya. Sai dai ko a cikin ƙasar ɗaya akwai zaɓi. A wannan kakar ruwa yana gudu daga gabas zuwa yamma, yana ratsa mashigan da ke tsakanin tsibirai. Gefen gabas yakan yi garau, gefen yamma kuma yakan ɗan yi duhu saboda ƙananan halittun da ruwa ya kwaso, kuma can ne kifin manta, mai faɗi kamar tabarma, ke taruwa don ci. Mai son hoto mai haske ya nufi gabas, mai son manta ya nufi yamma. Idan Mayu ya shiga, iskar kudu maso yamma ta taso, sai tsarin ya kife gaba ɗaya.

Wasu wuraren ma hukuma ce ke yanke wa mutum hukunci. Tsibiran Similan na ƙasar Tailan ana buɗe su ne daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Mayu, a rufe su sauran shekara. Tubbataha ta ƙasar Filifin, wadda ke tsakiyar Tekun Sulu, ba a zuwanta sai daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuni, kuma sai a jirgin da ake kwana a cikinsa, bayan tafiyar dare guda daga garin Puerto Princesa. Raja Ampat ta Indunusiya tana kan ƙarshen kakarta mai kyau a Afrilu. Idan aka jera waɗannan a takarda, aka ɗora ranakun hutu a kai, rabin sunayen sun fita da kansu.

Tacewa ta biyu ba ta shafi teku ba, ta shafi mai nutson. Takardar shaidar farko da ake bai wa wanda ya koyi nutso tana ba shi izinin sauka mita 18. Ta biyu tana kai shi mita 30, iyakar nutson nishaɗi kuwa mita 40 ce. Waɗannan lambobi suna da dalili. A kowace mita 10 matsin da ke kan jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke rayuwa a cikinta, don haka a mita 30 mutum yana shaƙar iska mai matsi ninki huɗu, tukunyarsa tana ƙarewa da saurin ninki huɗu, jininsa kuma yana shan iskar naitirojin fiye da yadda ya saba. Mashigan Maldibs da bangon Tubbataha sun yi suna ne saboda ƙarfin jan ruwansu, domin jan ruwa ne ke kawo manyan kifaye. Wanda bai wuce nutso goma sha biyar ba, idan ya tsinci kansa a irin wannan ruwa, zai ƙare tafiyar yana kallon agogon iskarsa, ba abin da ya biya kuɗi ya gani ba. Ga irinsa, tsibirin Bonaire na yankin Karibiyan ya fi dacewa: ana shiga ruwa daga gaɓa da ƙafa, jan ruwa kaɗan ne a gefen yamma, an kuma killace tekunsa tun 1979. Matsalarsa a gare mu ita ce nisa da tsadar hanya.

Tacewa ta uku ita ce wadda tallace-tallace ba sa nunawa: ina ɗakin matsin iska mafi kusa? Idan mai nutso ya taso da sauri, naitirojin da ya narke a jikinsa yakan zama kumfa, kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa. Kumfar tana iya tsayawa a gaɓoɓi ta haddasa ciwo, tana iya kaiwa laka ta shanye ƙafafu. Maganinta shi ne a sa mutum a wani ɗaki na ƙarfe, a mayar da shi cikin matsi yana shaƙar tsantsar oksijin, a sassauta a hankali. Kowace sa'a da aka ɓata kafin a kai shi tana rage yiwuwar warkewa sarai. Shi ya sa kafin in biya ko kwabo nakan tambayi masu shirya nutso abu uku: nawa ne tsawon tafiya zuwa ɗakin, akwai oksijin a cikin jirginku, kuma mutum nawa kowane jagora yake kulawa da su? Yadda suka amsa yana gaya mini fiye da duk hotunan da suka aiko. Iya ruwa fidda kai.

Wannan kumfa ce kuma ke tsara ranar komawa gida. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce kada a hau jirgin sama sai bayan sa'o'i 12 da nutso ɗaya, ko aƙalla 18 bayan nutson kwanaki a jere, domin matsin cikin jirgi bai kai na ƙasa ba. Hutun kwana bakwai, idan aka cire zuwa da dawowa da ranar jira, kwana huɗu ne a ruwa. Wanda zai tashi daga Kano ko Abuja zuwa Raja Ampat zai hau jirgin sama uku ko huɗu, ya ƙarasa da jirgin ruwa, sai ya ga hutun ya ƙare a hanya.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman, waɗanda jagororin da aka rubuta don Turawa ba su cika tsayawa a kansu ba. Na farko sikila. Mai ciwon sikila likitocin nutso ba sa ba shi izini, domin sanyi da ƙarancin ruwan jiki da raguwar oksijin duk suna iya tayar masa da ciwo a inda ba mai iya taimaka masa. Wanda jininsa AS ne ya kamata ya ga likitan da ya san harkar kafin ya fara. Na biyu azumi. Ƙishirwa tana cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara haɗarin kumfar jini, iskar tukunya kuwa busasshiya ce ƙwarai, tana ƙara busar da mutum. A 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗawa kusa da farkon bazara, yana kuma matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ni dai ina duba watan Musulunci tare da na Bature, in sa tafiyar bayan Sallah.

Abu na ƙarshe shi ne lafiyar murjanin kansa. Murjani dabba ce ƙarama mai gina gidan dutse, tana zaune da wata gansakuka a cikin jikinta, wadda ke ba ta abinci da launi. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba a watan da ya fi zafi da digiri ɗaya kacal, ya daɗe makonni, murjanin yakan kori gansakukar ya yi fari fat, in zafin bai sauka ba ya mutu. A Tekun Indiya ruwa ya fi zafi ne a Afrilu da Mayu, kafin iskar damina ta sanyaya shi. Haka Maldibs ta yi babbar asara a 1998 da 2016, kuma a Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar cewa duniya ta shiga karo na huɗu na wannan annoba. Kwanciyar ruwan da ke sa bazara ta yi daɗin nutso ita ce ke barin rana ta dafa saman teku. Don haka nakan nemi hoton wurin na watan jiya, ba na shekara goma da suka wuce ba.

Da na gama tace sunayen a bana, hutuna kuma ya faɗa ƙarshen Afrilu, abin da ya rage shi ne Bahar Maliya ta ɓangaren Masar. Tana bakin iyakar yankin zafi ne, amma murjaninta da kifayenta na yankin zafi ne. Babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta, ruwan sama kuma ba ya yawa, saboda haka ba ta da kakar laka. Gishirinta ya fi na yawancin tekuna, har sai mai nutso ya ƙara darmar da yake ɗaurawa a ƙugu. Akwai ɗakunan matsin iska a Sharmul Shaikh da Hurgada. Daga Najeriya ana samun jirgi kai tsaye zuwa Alkahira, daga nan tafiyar kimanin sa'a ɗaya ce. Ga Ras Muhammad, wadda aka killace tun 1983, ga kuma Thistlegorm, jirgin dakon kayan sojan Birtaniya da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a Oktoban 1941, yana kwance a zurfin kimanin mita 30, babura da manyan motoci suna nan jere a cikinsa.

Ita ma tana da nata kuɗin shiga. A Maris ruwan arewacinta yana wajen digiri 22, sai a Mayu yake kusantar 25, ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau 20, don haka sai da rigar roba mai kauri. Iskar hamsin mai ƙura takan taso a wannan kakar ta hana jirage fita. A Nuwamban 2024 kuma wani jirgin masu nutso ya kife kusa da Marsa Alam, aka yi asarar rayuka, abin da ya tuna wa kowa cewa binciken jirgi da matuƙinsa bai gaza binciken ruwa muhimmanci ba. Saboda haka na zaɓi kwana a tudu, in riƙa fita da safe ina dawowa da yamma. Tubbataha kuwa na ajiye ta zuwa shekarar da zan samu mako biyu cif a cikin Afrilu, bayan na ƙara sabawa da ruwa mai ja.