Abin da Fitilun Ke Faɗa

Ranar Litinin da safe wayoyin wani asibiti suka yi tsit. Ma'aikata na iya kiran junansu, amma kiran waje ba ya shiga, ba ya fita. Manaja ya ce a sayo sabuwar na'ura. Mai gyara ya nemi a dakata, ya durƙusa gaban akwatin rarraba kira yana duban fitilun katin E1, layin da ke ɗaukar kira 30 a lokaci guda.

A yawancin na'urori, kowace fitila da saƙonta. Koriya na nufin lafiya lau. Ja na nufin siginar kamfanin waya ba ta isowa daidai. Rawaya kuwa ƙorafi ce daga can: tasu tana zuwa, ta nan ce ba ta isa gare su.

Rawaya ce ke ci. Saboda haka, kafin ya zargi kamfani, sai ya bi wayar aikawa, ya tarar ɓera ya gutsure ta a bayan kabad. Ya haɗa ta, fitila ta koma koriya. Kiran farko da ya shigo na mijin wata mai naƙuda ne.