Kada ki ɗura wa mangwaro taki yana cikin huda

Uwargida, idan hunturu ya kankama a nan Tsanyawa, daga Disamba zuwa Fabrairu, mangwaron tsakar gida kan cika da huda. Sai zuciya ta raya miki ki ɗebo takin yuriya daga ragowar buhun maigida ki watsa masa. Don Allah ki dakata.

Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganye. Idan bishiya ta same shi yanzu, sai ta koma yin tofo, huda ta kakkaɓe. A busasshiyar ƙasa kuma yana iya ƙona saiwa.

A wurin awo nakan gaya wa mata cewa tun kafin ciki ake gina jikin uwa. Haka bishiya take. Lokacin takinta farkon damina ne, bayan an gama tsinke 'ya'ya. Ki zuba ruɓaɓɓen kashin awaki ko kamfa nesa da gindi, daidai inda inuwar rassa ta tsaya. Yanzu kuwa ki jira 'ya'ya su ƙulla, sannan ki riƙa ba ta ruwa.

Mangwaron nan shi ne bitamin A na yaranki a bazara, lokacin da ɗanyen ganye ke wuya. Ke yaushe kike sa wa naki taki?